Boubou Hama: Mai Tattara Maganar Magabata a Kujerar Shugabancin Majalisa

Duk wanda ya ci kasuwa a Bengou, cikin gundumar Gaya, zai ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci tun rana ba ta take ba. Akwai kuma harshen da zai yi wuya ya ji, wato na Cangawa, waɗanda ake kira Kyangawa a Nijeriya, alhali suna cikin mutanen da suka fi daɗewa a wannan yanki, kuma Bengou da Bana da Yelou tsofaffin garuruwansu ne. Harshensu na dangin Mande ne, ɗan'uwan Busanci da Bokanci, kuma a yau sai a ƴan ƙauyuka na Jihar Kebbi da arewacin Benin ake samun masu magana da shi. Jikokin Cangawan Nijar sun koma Hausa da Dandanci. Irin wannan asara ce marigayi Boubou Hama ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ita. Shi ne kuma ya shugabanci Majalisar Dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974, majalisar da ke yin dokokinta da Faransanci. A rayuwarsa ake ganin tazarar da ke tsakanin adana harshe a takarda da ba shi matsayi a doka.

Haihuwa da karatu

An haifi Boubou Hama a 1906 a Foneko, wani ƙauyen Songai da ke kusa da Tera. A lokacin yankin Tera yana ƙarƙashin Dori, wadda ke Burkina Faso ta yau, don haka karatu ya ɗauke shi daga Tera zuwa Dori, daga nan Wagadugu, sannan makarantar horar da malamai ta William Ponty a tsibirin Gore na Senegal. Ya kammala a 1929, ya zama ɗan Nijar na farko da ya fito da takardar malanta daga can.

Makarantar da ta rene shi ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Ƙa'idar makarantun Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa ta hana koyarwa da harsunan gida, yaron da ya kuskura ya yi harshen uwarsa a aji kuwa horo ne rabonsa. A ƙetaren iyaka lamarin ya bambanta. A Arewacin Nijeriya an yi gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a 1933, ƙamus na Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Bahaushen Kamba da Bahaushen Gaya, waɗanda tafiyar yini ba ta raba su ba, sai ga ɗaya yana karanta harshensa da boko, ɗaya kuwa ba shi da wannan dama. Bokon Nijar da wannan gado ya taso, kuma a cikinsa Boubou Hama ya yi aikinsa duka.

Yana koyarwa yana zama da dattawa da maroƙa da masunta, yana rubuta abin da suka riƙe na tarihi da al'ada. Haɗuwarsa da wani likita Bafaranshe, Jean Boulnois, ta haifar da littafin L'Empire de Gao a 1954, a kan tarihin Songai da al'adunsu da tsafe-tsafensu. A tsakiyar shekarun 1950 ya riƙe reshen Yamai na cibiyar bincike ta IFAN, wanda daga baya ya zama IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni.

Siyasa da majalisa

Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN a Yamai a 1946, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka nemi a ce a'a domin a sami ƴanci nan take, PPN kuwa ta goyi bayan zama cikin ƙawancen Faransa, kuma ɓangarenta ne ya yi rinjaye. Bayan zaɓen Disamba, aka ayyana jamhuriya ranar 18 ga watan, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama ya hau kujerar shugabancin majalisa. Yana kanta aka karɓi mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960.

Wannan babi na rayuwarsa yana da duhunsa, kuma ɓoye shi cin amanar tarihi ne. An haramta Sawaba a 1959, ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya. A zaɓuɓɓukan 1965 da 1970 jerin sunaye ɗaya aka miƙa wa jama'a, PPN ta kwashe kujeru 50 duka. Da mayaƙan Sawaba suka kutsa ƙasar a Oktoba 1964, an harbe wasunsu a bainar jama'a a Yamai, an kuma tsare ɗimbin mutane. Boubou Hama na cikin mutum uku da akalar mulki ke hannunsu, tare da Diori da ministan cikin gida Diamballa Yansambou Maïga, don haka yana da kasonsa na alhakin abin da ya gudana. Mutumin da ke tafiya mai nisa domin ya saurari tsoho guda, shi ne ke jagorantar zauren da babu muryar adawa a cikinsa.

Kundin tsarin mulki na 8 ga Nuwamba 1960 ya sa Faransanci ya zama harshen hukuma, a ƙasar da yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ma'anar haka ita ce manomin Bengou da mai dafa gishiri a Dallol Fogha ba su iya karanta dokar harajin da ake karɓa daga hannunsu, sai abin da tafinta ya ga dama ya faɗa musu.

Aikin tattarawa

Duk da nauyin mulki, shekarun majalisa su ne mafi albarka a rubutunsa. A 1967 da 1968 kaɗai ya fitar da littattafai a kan tarihin Zabarmawa da Songai, da Gobir da Sakkwato, da Buzaye, da Fulani. Bai taƙaita ga ƙabilarsa ba, domin yana ganin tarihin mutanen Nijar a sarƙe yake da juna. Kotia-Nima, labarin yaron da boko ya raba da ƙauyensu, wanda ya yi kama da rayuwarsa, ya samo masa babbar kyautar adabi ta baƙar fatar Afirka.

Ya kuma yi amfani da muƙaminsa wajen nemo rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga hannun malamai da gidajen sarauta, wasu a saya, wasu a kwafa. An fara ajiye su ne a ginin majalisa kafin a mayar da su cibiyar bincike, kuma su ne tushen taskar IRSH mai ɗauke da rubuce-rubuce kusan 4,000. Ke nan Hausa da Fulatanci sun shiga ginin majalisa a cikin gafaka, yayin da muhawarar zaure ke gudana da harshen Paris. Ga mai nazarin tarihin Hausa, rubutun ajami shaida ne na yadda ake furuci da gina jumla kafin boko ya daidaita komai a kan karin Kano.

Da goyon bayansa aka kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai a 1968 tare da UNESCO, wadda ta koma hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974 da sunan CELHTO. Zamanin ya dace da aikin, domin a 1966 taron masana a Bamako ya tsara baƙaƙen rubuta Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci da harsunan Manding. Kafin nan ɗan bokon Nijar da ƙa'idar Faransanci yake rubuta harshensa, ya sa ou a gurbin u, tch a gurbin c, kamar yadda har yau ake gani a Bengou da Tchanga. A Yamai ɗin ne kuma aka zauna a 1980 domin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, ko da yake har yanzu Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Matsayinsa a kimiyyar harshe

Boubou Hama bai yi karatun kimiyyar harshe a jami'a ba, kuma bai bar wani littafin nahawu da ake koyarwa da shi ba. Yana da sha'awar asalin kalmomi da sunayen garuruwa da na ƙabilu, yakan kuma ɗora hujjar ƙaura ko dangantaka a kan kamannin furuci. A nan ɗalibi ke bukatar hattara. Kamannin kalma biyu na iya zuwa daga gado, ko aro, ko dace kawai, kuma ba a tabbatar da dangantaka sai an ga sauye-sauyen sauti masu bin ƙa'ida a kalmomi da yawa. Harshensa na haihuwa ma ya ishi misali. Joseph Greenberg ya sa Songai cikin dangin Nilu da Sahara a 1963, Robert Nicolaï, wanda ya yi bincike a Nijar, ya ƙalubalanci hakan, kuma har yau masana ba su daidaita ba. Wata matsalar ita ce mafi yawan abin da ya ji daga bakin dattawa da Faransanci ya buga shi. Labarin ya tsira, amma karin sauti da tsawon wasali da tsarin jumlar mai maganar sun salwanta a hanyar fassara.

Duk da haka, ba domin shi ba da ɗimbin abin da ake tacewa a yau ya bi masu shi kabari. Ya fito da tarihin baka daga matsayin tatsuniya zuwa matsayin hujjar bincike, a zamanin da jami'o'in Turai ke ganin al'ummar da ba ta rubuta ba ba ta da tarihi.

Ƙarshen rayuwa da gado

Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari da yunwa, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori, suka rusa majalisa, suka tsare manyan PPN har da Boubou Hama. Bayan an sake shi ya ci gaba da rubutu. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 29 ga Janairu 1982. Gidan tarihi na ƙasa, wanda ya taimaka aka kafa a 1959, yana ɗauke da sunansa a yau.

Matsayin harsunan gida a doka ya zo ne sannu a hankali. An fara yaƙi da jahilci da harsunan ƙasa a farkon shekarun 1960, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, amma sai a ƙarshen 2001 majalisa ta yi dokar da ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Harshen Cangawa bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan jeri ba.

Ba adalci ba ne a ɗora wa Boubou Hama ja da bayan wannan harshe, domin fatauci da auratayya da yaɗuwar Musulunci sun fara janye Cangawa zuwa Hausa da Dandanci tun kafin ya hau kujera. Abin da rayuwarsa ta nuna shi ne taska ba ta raya harshe idan makaranta da kotu da majalisa sun juya masa baya, haka nan doka ba ta dawo da abin da ba a rubuta ba. Ya yi rabin aikin farko da ƙwazon da ba a cika samu ba, ya bar na biyu alhali iko yana hannunsa. Abin da ya rage na Canganci a bakin dattawan Dandi, a sunayen wurare da kirari da kalmomin bukukuwa, yana jiran masu ɗaukar murya su rubuta shi da harshensa, da karin sautinsa, kafin a fassara. Allah ya jiƙan Boubou Hama, ya yafe masa kurakuransa.