Hajiya Barmani Coge, 'Yar Malam Mai Kiɗan Ƙwarya

Idan ana lissafin mashahuran mawaƙan ƙasar Hausa, akan fara da Alhaji Mamman Shata, a ambaci Ɗan Maraya Jos da Ɗanƙwairo, sa'an nan a yi shiru, sai ka ce mata ba su taɓa buɗe baki ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wata mace wadda ta ɗauki ƙwarya, abin da muke dama fura a ciki, ta mai da ita sana'ar da ta ci da ita shekara arba'in. Ita ce marigayiya Hajiya Barmani Coge.

Sunanta na yanka Sa'adatu. An haife ta a ƙasar Funtuwa cikin shekarun 1940, watau tun zamanin Turawa. Funtuwa a lokacin gari ne na auduga da jirgin ƙasa, domin hanyar dogo da ta tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta nan ta ratsa. Saboda haka baƙi daga ko'ina suka cika garin, fatake da 'yan ƙwadago da makaɗa. Shi kansa Shata ya zauna a can. A irin wannan wuri yarinya mai kunne ba za ta rasa abin saurare ba.

Abin mamaki shi ne Barmani ba ta gaji waƙa ba. Mahaifinta malami ne, ta kuwa yi karatun allo a gida. An yi mata aure tana da shekara 15, kamar yadda aka saba a wancan zamani, Allah kuma Ya ba ta haihuwa har goma sha biyu. Mijinta ma'abocin kiɗan garaya ne, don haka bai hana ta ba, sai ma ƙarfafa mata gwiwa da ya yi. A shekarar 1973 ta shiga kiɗan amada sosai, tana matar aure, da goyo a bayanta.

Ga wanda bai sani ba, amada kiɗan mata ne na cikin gida. Akan kifa ƙore a ƙasa a riƙa bugunsu, wata kuma a kifa ta a kan ruwa cikin babban masaki, ita ce ke ba da amo mai zurfi kamar ganga. Zabiya na gaba tana bayarwa, 'yan amshi suna karɓa, mata na rawa. Asalinsa yana da dangantaka da yabon waliyyai, musamman Shaihu Abdulƙadir Jilani, daga baya ya koma kiɗan biki da suna. Kafin Barmani akwai Hajiya Uwaliya Mai Amada a nan Kano, wadda ta yi suna ƙwarai. Barmani ta bi sawunta, ta kuma fito da amada daga tsakar gida zuwa dandali da rediyo da kaset da talabijin, har maza suka san shi.

To, me take faɗa a waƙoƙinta? Abubuwan da mata ke tattaunawa a bakin murhu ne: zaman aure, da kishi, da haihuwa, da talauci. Tana da waƙa a kan kishiya wadda ta fito da abin da ke cin mace a rai ranar da aka ce za a yi mata abokiyar zama. Tana da wata a kan gwarne, inda ta kare matan da ake yi wa dariya don sun sami ciki kafin su yaye na goye. Amma wadda ta fi shiga raina ita ce waƙarta ta sana'a. A cikinta ta yi wa mata kirari da zambo a haɗe, ta nuna musu cewa macen da ke zaune tana jiran miji ya kawo kome da kome, har kuɗin sabulu, ta sayar da mutuncinta da araha. Kakata a Hotoro tana cikin kulle, amma da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki, har yau kuwa idan ana suya wannan waƙa ce a bakinta.

Ba a rasa masu sukarta ba. Wasu sun ce akwai batsa a cikin waɗansu waƙoƙinta, gaskiya kuma akwai baitocin da ba zan iya rerawa gaban mahaifina ba. Sai dai a tuna, an tsara su ne don taron mata zalla, inda babu namiji, kaset ne ya kai su tasha da kasuwa. Wasu kuma ba kalmomin ne suka dame su ba, ganin mace a gaban taro ne, balle 'yar malam. A wurinsu duk mai waƙa maroƙiya ce. Barmani ba ta fasa ba, ta riƙe aurenta, ta reni 'ya'yanta, ta sauke farali, ta ci gaba da kiɗanta.

Irin wannan kallo ne aka yi wa matan da suka biyo baya. Mu mutanen Hotoro maƙwabtan gidan talabijin ne na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV, inda mata suka riƙa fitowa a wasan kwaikwayo tun shekarun 1980. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano a 1990, aka ƙara samun 'yan wasa da mawaƙa mata. Da yawansu sun sha gori, har wasu mutane na ƙin aurensu. A ganina sana'a ba ita ke ɓata mutum ba, hali ne. Wadda ta kama kanta, ta kare mutuncin iyayenta, bai kamata a hana ta amfani da baiwar da Allah Ya yi mata ba.

Hajiya Barmani ta rasu a watan Maris na 2013 bayan ta yi fama da rashin lafiya. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubutu a kanta, amma har yanzu aikin da sauransa, gama tsofaffin da suka san kan amada suna ta ƙarewa, a gidajen biki kuma na'ura ta maye gurbin ƙwarya.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana na Ƙungiyar Hausa, idan mun tafi hutu kowa ta zauna da kakarta, ta rubuto waƙoƙin daka da na niƙa da na biki, mu tara su a ɗakin karatu. Mu kuma riƙe gargaɗin Hajiya, ko mun sami takardar shaida mu haɗa da sana'ar hannu, don zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata kurakuranta, amin.