Likita Mila (1872–1952) da Fassarar Ɗaukakar Almasihu a Harshen Hausa

Gabatarwa

Sunan Walter Richard Samuel Miller, wanda Zagezagi suka sani da Likita Mila, yakan fito a tarihin rubutun boko da na ilimin zamani a Arewa, da kuma tarihin zaman doya da manja tsakanin 'yan mishan da sarakuna. Sai dai aikin da ya fi cin shekarunsa shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki. A nan ne ya fuskanci matsalar da ta shafi masana Hausa kai tsaye, wato yadda za a bayyana aƙidar Kirista game da allahntakar Almasihu a cikin harshen da kalmominsa na addini suka tashi a hannun malaman Musulunci.

Tasowarsa da Zuwansa Ƙasar Hausa

An haifi Mila a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus, inda ya koyi harshen daga bakin fatake da alhazai. A can ya haɗu da wani yaro Bahaushe, Abdulmajid Tafida, wanda ya zama makusancinsa.

A 1900 yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano. Sarki Alu Babba ya ƙi ba su masauki na dindindin, ya umarce su da su bar birnin, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A 1905 Mila ya samu zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Zamansa da Sarki Aliyu ɗan Sidi ya yi tsami daga baya, kuma yana cikin waɗanda suka kai ƙorafi a kan mulkinsa kafin Turawa su tuɓe shi su kai shi Lakwaja.

Haɗuwarsa da Isawa

Tambayar matsayin Annabi Isa ta riga Mila zuwa ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi an yi wani Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Isa ya kai shi ga fifita shi a kan sauran annabawa. An yanke masa hukuncin kisa, aka tsire shi a kasuwar Kurmi, almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi. Su ake kira Isawa. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya yi wa mazaunin mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Daga wannan tsatso ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Isawa sun zo da kalmominsu a hannu. Sun san Isa a matsayin Almasihu, Kalmar Allah, kuma ruhi daga gare shi, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 171. Amma wannan ayar ita ce kuma ta hana a ce Allah uku ne, ta kore masa ɗa. Saboda haka kalmomin da suka kusanta mai fassara da masu sauraronsa suna ɗauke da wata ma'ana da ta saɓa wa abin da yake son isarwa.

Aikin Fassara

Misali ɗaya ya isa ya nuna nauyin aikin. A sura ta 6 ta littafin Ishaya, annabin ya ba da labarin wahayin da ya gani a shekarar da Sarki Uzziya ya rasu: Ubangiji a kan kursiyi a cikin Haikali, mala'iku suna tsarkake shi, ɗaukakarsa ta cika duniya. A sura ta 12 ta Bisharar Yohanna, marubucin ya kawo wani yanki na wannan sura, sannan a aya ta 41 ya bayyana cewa Ishaya ya ga ɗaukakar Yesu ne, kuma a kansa ya yi magana. Malaman tafsirin Kirista da dama sun ɗauki wannan haɗi a matsayin hujjar allahntakar Almasihu, wasu kuma suna mayar da maganar ga wahayin Bawan Ubangiji a surori na 52 da 53.

Hujjar ta rataya ne a kan kalmomi biyu. Ta farko ita ce wadda Ibrananci ke kira kabod, Girkanci kuma doksa. Hausa tana da ɗaukaka da daraja da girma, kowace da nata zurfin, kuma in aka saɓa zaɓi tsakanin Ishaya da Yohanna, igiyar da ta ɗaure wuraren biyu za ta ɓace wa mai karatu. Ta biyu ita ce Ubangiji. A Hausa ana kiran mai bawa ubangijinsa, ana kuma kiran Mahalicci da ita, kamar yadda kalmar kuriyos take a Girkanci. Fassarar ta yi amfani da ita ga Allahn Isra'ila da kuma ga Yesu, ta haka kalma ɗaya ta ɗauki da'awar aƙidar gaba ɗaya.

Cikakken Littafin ya fito a 1932 daga Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya. Mila ne jagoran aikin, tare da wakilan wasu mishan da mataimaka Hausawa. An riƙe sunan Allah yadda kowane Bahaushe ya san shi, amma aka rubuta Yesu Kristi. Sabuwar fassarar da ta biyo baya bayan shekara arba'in da 'yan kai ita ce ta mayar da Almasihu a gurbin Kristi.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa, matakin da bai yi wa Mila daɗi ba, ya koma Kano da zama. Ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya rubuta littattafai da Turanci yana sukar mulkin da Turawa ke yi ta hannun sarakuna. Daga cikin waɗanda suka tashi a inuwar makarantarsa akwai Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida Umaru, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Mila ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.

Kammalawa

Burin Mila na mayar da birnin Zariya cibiyar Kiristanci bai cika ba, domin waɗanda suka bi shi ba su da yawa. Fassararsa kuwa ta bazu a majami'un Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa, a tsakanin al'ummomin da Hausa harshe na biyu ne gare su. A can ne Ubangiji da ɗaukaka da alheri suka samu ma'anar da ta bambanta da wadda ake ji a zauren malam. Kwatanta waɗannan ma'anoni biyu aiki ne da yake jiran masu nazarin ilimin ma'ana da tarihin fassara a Hausa.