Teslim Balogun: Ɗan Wasan da Ya Koma Ɗalibi

A tarihin ƙwallon ƙafa na Nijeriya, sunaye kaɗan ne suka kai na Teslim Balogun daɗewa a bakin jama'a. Mutumin Legas ne, Bayarabe, Musulmi. Cikakken sunansa Tesilimi Olawale Balogun, amma 'yan kallo sun fi saninsa da laƙabin Turanci na Thunder, wato tsawa, saboda ƙarfin bugunsa. Ya rasu tun 1972, duk da haka har yau dattawan da suka ga wasansa, da waɗanda suka ji labari kawai, suna ambatonsa a Legas da Ibadan da Jos. Yawanci abin da ake tunawa shi ne ƙafarsa. Ba a cika tunawa da cewa, bayan ya gama shahara, ya zauna a aji ya koyi aikin horar da 'yan wasa ba, alhali wannan ne ɓangaren rayuwarsa da ya fi amfanar na baya.

Ya taso a lokacin da ƙwallo ke hannun ma'aikatu da kamfanoni. Hukumar jiragen ƙasa tana da ƙungiyarta, ta jiragen ruwa tana da tata, haka ma 'yan sanda da manyan kamfanonin ciniki. Saurayin da ya iya taka leda sai a ba shi aiki a ma'aikata, da safe ya yi aiki, da yamma ya fita fili. Balogun ya yi wa ƙungiyoyi da dama irin waɗannan wasa, daga cikinsu akwai Apapa Bombers da Marine da UAC da Railways. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Kofin Ƙalubale. Ita ce babbar gasar ƙasar a wancan zamani, kuma a cikinta ne sunansa ya fito. Sau 7 ya buga wasan ƙarshe na wannan gasa, ya ɗauki kofin sau 5.

A 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 daga sassan Nijeriya domin su kai ziyarar wasa Ingila. Etim Henshaw ne kyaftin, Balogun kuwa yana cikin 'yan gaba. Ta ruwa suka tafi, suka sauka a Liverpool. Sun buga wasanni 9 da ƙungiyoyin Turawa, kuma a na farko suka ci Marine Crosby 5 da 2. Abin da ya fi ba 'yan kallo mamaki shi ne yawancinsu ba su sa takalmi ba, sai dai ƙyalle da suka naɗe ƙafa da shi. A busasshen fili wannan bai hana su komai ba. Amma ranar da aka yi ruwa, fili ya yi santsi, sai su yi ta zamewa, abokan karawarsu masu takalmi mai ƙusoshi suna wuce su. Wani tsohon ɗan wasan Fulham, Jack Finch, shi aka ba aikin horar da su a lokacin ziyarar. A hanyarsu ta komowa gida suka tsaya a Saliyo, suka ci ta 2 da nema a ranar 8 ga Oktoba, 1949. Wannan shi ne wasan farko da Nijeriya ta yi da wata ƙasa, kuma Balogun ya jefa ƙwallo a raga a ranar.

Bayan wannan ne ya zo Jos. Ya kamata mai karatu ya san irin garin da ya tarar. Jos gari ne da haƙar kuza ta raya. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ramukan kuza a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye, jirgin ƙasa ya iso, mutane suka yi ta kwararowa neman abinci: Hausawa, Ibo, Yarabawa, Urhobo, har da mutanen Saliyo da na Gana, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere da suka tarar. Hausa ce ta zama harshen kasuwa da na bariki, ita ce kuma harshen filin ƙwallo. Ga sanyin dutse, wanda ke ba yaro damar yin gudu da yamma ba tare da rana ta galabaitar da shi ba. Garin da ya tara samari masu albashi da iska mai daɗi ba zai rasa 'yan ƙwallo ba. Abin da Jos ta rasa a lokacin shi ne wanda ya ga yadda ake wasa a wasu wurare.

A 1951 ƙungiyar Jos, da Balogun a gabanta, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna. A wancan lokaci ƙungiyoyin Legas ne kaɗai suka taɓa ɗaukar kofin, don haka zuwan 'yan Arewa wannan matsayi babban labari ne. Wadda suka tarar kuwa ita ce Railways, tsohuwar ƙungiyar Balogun, wato abokan da ya sha gumi tare da su. Railways ta yi nasara da ci 3 da 2. Bai daɗe a Jos ba, domin a 1952 ya riga ya koma Legas, inda ya ci ƙwallo 3 shi kaɗai a wasan ƙarshe da Pan Bank ta lallasa Warri 6 da 1. Amma ƙofar da aka buɗe ba ta rufu ba. A 1953 Kano ta ci Dynamos ta Legas 2 da 1, kofin ya bar Legas a karo na farko.

Ita kuwa Jos, wasan 1951 ya zame mata mafarin wani dogon jira. Ƙungiyoyinta sun yi ta zuwa wasan ƙarshe a shekarun 1960 da 1970, suna komowa hannu rabbana, har mutane suka fara cewa akwai wani abu a ƙasa. Mighty Jets ta lashe gasar lig ta farko a 1972, amma a shekarar nan ta sha kashi a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a hannun Bendel Insurance. Sai a 1999 Plateau United ta kawo kofin Jos, shekara 48 bayan zuwan Balogun.

A nan ya dace a ce wani abu game da tatsuniyoyin da aka ɗora masa. Ana ba da labari wai ya taɓa buga ƙwallo ta huda cikin mai tsaron gida, wai kuma an hana shi bugu da ƙafar hagu don kada ya yi kisa. Waɗannan zantuka ne na bakin kasuwa, irin waɗanda ake yi wa kowane gwani. Suna da daɗin ji, amma suna da illa guda: suna sa yaro ya ɗauka gwaninta baiwa ce da ake haifar mutum da ita, ko kuma asiri ne, ba abin da ake koya ba. Abin da Balogun ya yi da rayuwarsa bayan 1955 ya saɓa wa wannan tunani.

A watan Agusta na 1955 ya koma Ingila, ya sa hannu a ƙungiyar Peterborough United, yana kuma koyon sana'ar ɗab'i. Wanda ake yi wa kirari a Legas sai ga shi a ƙananan ƙungiyoyi, cikin hunturu da laka, ba mai ɗaga masa hannu. Bai samu gurbi sosai a Peterborough ba, ya wuce Skegness Town. A kakar 1956 zuwa 1957 Queens Park Rangers ta Landan ta ɗauke shi, ya buga mata wasannin lig 13, ya ci ƙwallo 3. Daga nan ya koma wata ƙaramar ƙungiya, Holbeach United. Idan da lissafin ƙwallaye za a auna zamansa a Ingila, ba za a ce ya yi abin a zo a gani ba. Sai dai ya je ne shekarunsa na ganiya sun fara wucewa, kuma abin da ya komo da shi ba a raga ake ƙirga shi ba.

A waɗannan shekaru Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila tana gina tsarin koyar da masu horarwa, a ƙarƙashin Walter Winterbottom, wanda ya riƙe aikin daga 1946 zuwa 1962. Ra'ayin da ke bayan tsarin shi ne, iya wasa daban, iya koyar da wasa daban. Tsofaffin 'yan wasa da yawa a Ingila kanta sun raina wannan ra'ayi, suna ganin wanda ya yi shekaru a fili ba ya bukatar malami. A kwas ɗin ana koya wa mutum yadda zai tsara atisaye daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yadda zai tsayar da wasa ya gyara kuskure ba tare da ya kunyata ɗan wasa ba, da dokokin wasa, da kula da lafiyar jiki. Sannan a ba shi 'yan wasa ya koyar a gaban masu jarrabawa. Balogun ya bi wannan hanya ya samu takardar shaida, kuma ana ambatonsa a matsayin ɗan Afirka na farko da ya ƙware a aikin koci a hukumance. Kalmar koci aro ce daga Turanci. A rubutu an fi cewa mai horarwa, kuma ita ce ta fi nuna nauyin aikin, domin horo a Hausa ya haɗa da gyaran hali.

Ba shi kaɗai ba ne daga tawagar 1949 ya bi wannan tafarki. Dan Anyiam, abokin tafiyarsa, shi ma ya yi karatun horarwa, ya riƙe ƙungiyar ƙasa, daga baya ya zama kocin farko na Rangers ta Inugu a 1970. Su ne suka fara nuna cewa ɗan ƙasa zai iya riƙe aikin da a da sai an ɗauko Bature. Balogun ya zauna a Ibadan yana aikin horarwa a ƙarƙashin gwamnatin Yamma. Aiki ne mai wuya ga wanda ya saba da tafi. Ɗan wasa yana neman a gan shi, mai horarwa kuwa yana tsaye a gefen fili, idan an ci a yabi yara, idan an sha kashi a zage shi. Kuma amana ce, domin shi ke zaɓen wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, kuma a hannunsa iyaye suke barin 'ya'yansu.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Nijeriya ta je gasar ƙwallon ƙafa ta Olamfik a karo na farko, a ƙasar Meziko. József Ember, mutumin Hangari, shi ne babban koci, Balogun yana cikin masu horarwa. A tawagar akwai samarin da suka taso a filayen Jos, irin su Sam Garba Okoye da Peter Anieke da Tony Igwe, waɗanda suke yara ƙanana lokacin da Balogun ya kai garinsu wasan ƙarshe. Japan ta ci Nijeriya 3 da 1, Sifen ta ci ta 3 da nema. A wasa na uku aka haɗu da Burazil. Kafin hutun rabin lokaci Nijeriya ta zura ƙwallo 3, Burazil ba ta da ko ɗaya. Kenneth Olayombo ya ci biyu, Anieke ya ci ɗaya. Da aka dawo sai Burazil ta farke duka, aka tashi 3 da 3. Wasan ya nuna cewa yaran suna da gwanintar da za su tsaya gaban kowa. Ya kuma nuna abin da ya rage a koya, wato yadda ake riƙe nasara har alƙali ya busa usur na ƙarshe, kuma wannan darasi ne na masu horarwa kafin ya zama na 'yan wasa.

Teslim Balogun ya rasu ranar 30 ga Yuli, 1972, bai tsufa ba. Bai ga wasannin Afirka na 1973 a Legas ba, inda Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa. Bai kuma ga Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da aka kafa a Surulere ba, wadda ta ɗauke wa 'yan Nijeriya wahalar ƙetare teku kafin su koyi aikin horarwa. A yau Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka tana ba masu horarwa lasisi hawa-hawa, kuma wanda ya samu ba ya naɗe hannu, sai ya riƙa komawa kwas lokaci-lokaci. Jos ma ta ba da nata kason: Isma'ila Mabo, tsohon ɗan bayan Mighty Jets, ya zama koci, ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999.

Bayan rasuwarsa an kafa wata gidauniya da sunansa domin taimaka wa iyalan tsofaffin 'yan wasan ƙasa da suka shiga ƙunci. Bukatar hakan a fili take, domin mutanen zamaninsa ba su tara dukiya da ƙwallo ba, kuma da yawa cikinsu sun tsufa ba su da fansho. A 2007 gwamnatin Jihar Legas ta buɗe filin wasa na Teslim Balogun a Surulere, daura da babban filin wasa na ƙasa, kuma a cikinsa aka buga wasu daga wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.