Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Da Sana'ar Tufkar Igiya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya halatta neman abinci ta hanyar aiki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano da rani, ya ratsa ƙauyukan ƙasar Rimin Gado, ba zai rasa ganin dattijo a gindin bishiya ko a bakin zaure yana tufkar igiya ba. Matasa da yawa kallon aikin marasa galihu suke yi wa wannan sana'a, alhali kuwa ita ce sana'ar da aka san Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ita, Allah ya jiƙansa da rahama.

An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, a ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 bayan Hijira, watau watan Disamba na 1754. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, kuma gidansu gidan malanta ne na Fulani Toronkawa. Yana ƙarami iyayensa suka koma Degel, a can ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa. Sa'an nan ya yi karatu wurin malamai da dama, cikinsu har da Malam Usmanu Binduri da Muhammadu ɗan Raji da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. Yana da shekara 20 ya fara wa'azi, wajen shekarar 1774, ya zaga ƙasar Kabi da Zamfara yana karantar da maza da mata da Fulatanci da Hausa.

A wancan zamani malamai da yawa a ƙofar fada suke samun abincinsu. Sarki ya ba su riga da doki da kuɗi, su kuma su yi masa addu'a, su kawar da kai daga zaluncin da ake yi wa talakawa. Shehu bai bi wannan hanya ba. Abin da ya shahara a labarinsa wanda jama'arsa suka gada shi ne, tufafinsa ba su wuce riga ɗaya da wando ɗaya da rawani ɗaya ba, kuma yakan tufka igiya da hannunsa a sayar, ya ci daga kuɗinta.

Tufka aiki ne mai son haƙuri. A ƙasar Hausa da rama ake yin ta, ko kaba, ko ɓawon kuka, ko na kalgo. Idan rama ce sai an jiƙa ta a ruwa kwanaki, a ɓare, a wanke, a shanya. Sa'an nan mai tufka ya raba zare biyu, ya murɗa kowanne ta fuska ɗaya, ya haɗa su ta ɗaya fuskar, domin wannan saɓanin murɗa shi ke hana igiya warwarewa. Ba ta bukatar jari mai yawa, ba ta kuma hana baki zikiri ko tilawa. Masu bukatarta kuwa ba sa yankewa, domin makiyayi yana son dabaibayi da igiyar ɗaure maraƙi, mai rijiya yana son igiyar guga, mai gini yana son ta ɗaurin jinka, uwar gida kuma tana son ragaya. Saboda haka sana'a ce da ta dace da malamin da ke zaune cikin makiyaya da manoma.

Shehu bai ƙago wannan hali da kansa ba, Sunna ya bi. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci, kuma babu abincin da ya fi irin wannan alheri. Har ila yau ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya fifita mutum ya ɗauki igiyarsa ya yiwo itace ya sayar a kan ya tsaya roƙon mutane, su ba shi ko su hana shi.

Amfanin wannan tarbiyya ya fito fili a Magami wajen shekarar 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Babbar Salla ya yi musu kyauta. Rabon Shehu shi ne miskali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a musanya masa da abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince da dukkansu. Mai karatu zai gane cewa malamin da abincin gidansa ke fitowa daga fada ba zai iya mayar da zinariyar sarki a gaban taro ba, balle ya yi masa maganar fursunoni da haraji. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Bayan Bawa, sarakunan Gobir suka fara tsananta wa jama'ar Shehu. Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. A zamanin Yunfa abin ya kai ga Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, inda jama'a suka yi masa mubaya'a ya zama Amirul Muminina. Aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara, aka ci Alƙalawa a 1808. Masu tuta suka kafa mulki a Kano da Katsina da Zazzau da sauran ƙasashe, Malam Sulaimanu ya zama Sarkin Kano bayan Alwali.

A nan ne jarrabawar da ta fi tsanani ta zo, domin talaka ya yi gudun duniya ba abin mamaki ba ne kamar mai iko ya yi. Ganima da kyaututtuka suka riƙa zuwa daga gabas da yamma, amma Shehu bai sauya tufafinsa ko abincinsa ba. Ya zauna a Sifawa yana karantarwa da wallafa littattafai, kuma a 1812 ya raba tafiyar da mulki tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya riƙe yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙe gabas. Ya koma Sakkwato a 1815, Allah ya karɓi ransa ranar 3 ga Jimada Ahir 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817. Hubbarensa yana nan a Sakkwato.

Zuriyarsa sun riƙe wannan gado. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba, kamar manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya kuma umarta a zaunar da su a garuruwa da ƙauyuka gwargwadon bukata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, idan za ta naɗa jaji, watau shugabar mata masu zuwa ɗaukar karatu daga ƙauyuka, malfa take ɗora mata da jan ƙyalle, malfa kuwa saƙar hannu ce. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar kusan kowane gida yana da hannu a kaɗi ko saƙa ko rini ko ɗinki, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da kuɗin wuri miliyan 300. A ƙasar Rimin Gado sunan Karofin Yashi kaɗai ya isa ya tuna wa mutane wancan zamani na marina.

Yau igiyar roba da tabarmar roba sun cika kasuwanni, har masu tufka da yawa sun koma warware tsohon buhu suna tufka da zarensa. Duk da haka sana'ar cikin gida ba ta mutu ba. Matan aure suna ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarmar kaba, maza suna saƙar zana da kwando da asabari idan an gama girbi. Abin da mace ta samu da allurarta dukiyarta ce a Shari'a, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta, da shi take yin sadaka da biki da kayan ɗakin 'yarta ba tare da ta miƙa hannu ga kowa ba.

Saboda haka ya kamata malaman makarantun allo da na Islamiyya su koya wa almajiransu sana'a tare da karatu, su ma kansu su riƙi wadda za ta tsare musu mutunci da faɗar gaskiya. Iyaye kuma kada su bari dattawan da suka iya tufka da saƙa su shuɗe ba a ɗauka daga hannunsu ba, domin watannin rani suna da tsawo, zaman banza kuwa ba ya haifar da alheri.

Allah ya jiƙan Shehu Usmanu, ya haskaka makwancinsa, ya sanya albarka a hannun duk mai neman halal. Amin.