Sarkin Haɗeja Muhammadu Mai Shahada da Makwancinsa

Sarkin Haɗeja Muhammadu ɗan Sarki Haru Bubba ne, daga zuriyar Sarki Sambo. Ya hau gadon ubansa cikin shekara ta 1885, ya yi shekara 21 yana sarauta. Jarumi ne mai yawan dawakai da barade.

A zamaninsa Turawa suka zo ƙasar Hausa. Suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sa'an nan suka kafa bariki kusa da birnin Haɗeja, amma zama bai yi daɗi tsakaninsu da Sarki ba. Bayan yaƙin Satiru, cikin 1906, Gwamna Lugga ya aiko masa da sharuɗɗa, Sarki ya ƙi su. Sai aka taso da runduna daga Kano, Kanar Lowry Cole ne shugabanta.

Ran 25 ga watan Afrilu, 1906, aka gwabza a cikin gari, masu takobi da mashi suna fuskantar masu bindiga da igwa. Sarki bai gudu ba. Nan ya faɗi, tare da waɗansu 'ya'yansa da manyan sarakunan yaƙinsa da jama'a mai yawa. Domin haka ake ce masa Mai Shahada. Aka rufe shi a birninsa, ɗansa Haruna ya gaje shi.

Akwai wani kabari kuma na zamanin nan a Haɗeja, na Kyaftin Phillips, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Mai Tumbi. Ga Sarki ga Bature, ƙasa guda ta rufe su.

To, ma'aikata, ga abin lura. Ƙasarmu ta kogi da fadama ce. Kabarin da aka bari ba shinge, ba ciko bayan damina, ruwa yakan shafe shi, dabbobi su tattake, masu gini su ci iyakarsa, har jikoki su rasa inda kakansu ya kwanta. Tun zamanin En'e har yau, tsaron makwantan magabata amana ce a wuyan masu riƙe da gari. Wanda ya ba da ransa domin garin nan, kada a bari makwancinsa ya ɓace.

Allah ya jiƙan Mai Shahada da waɗanda suka faɗi tare da shi, amin.