Percy Julian: jikan bayi da ya fitar da magani daga wake

An haifi Percy Lavon Julian ranar 11 ga Afrilu 1899 a birnin Montgomery na jihar Alabama, a kudancin Amurka. Kakanninsa bayi ne, kuma a lokacin ƙuruciyarsa makarantun gwamnati na yaran baƙar fata ba su wuce aji takwas ba. Duk da haka ya shiga jami'ar DePauw, yana karatu yana aikin rarraba abinci don ya samu na kashewa, ya gama a 1920 a matsayin na ɗaya a ajinsu. Ya yi digiri na biyu a Harvard a 1923, sannan ya samu digirin dakta a birnin Biyena na Ostiriya a 1931.

Aikin da ya fara fito da sunansa yana da tushe a Afirka ta Yamma. A yankin Kalaba na kudancin Najeriya akwai wani wake mai guba da a da ake ba wanda ake zargi da maita. Cikinsa akwai sinadarin fisostigimin, wanda ke rage hawan jinin ido, cutar da ke makanta mutum sannu a hankali. A 1935 Julian da abokin aikinsa Josef Pikl suka haɗa wannan sinadari a ɗakin gwaji, har suka nuna cewa shahararren masanin Ingila Robert Robinson ya yi kuskure a nasa binciken.

Wannan nasara ba ta sa DePauw ta ba shi kujerar farfesa ba, saboda launin fatarsa. A 1936 kamfanin Glidden na Cikago ya ɗauke shi ya jagoranci bincike kan waken suya. Wata rana ruwa ya kwarara cikin tankin man waken, wani farin abu ya taru a ƙasa. Julian ya gane cewa sinadari ne da za a iya mayar da shi furojestaron, wanda ake ba mata masu yawan ɓarin ciki. A 1949 ya samo hanya mai sauƙi ta haɗa wani sinadari da ake yin kotizon da shi, maganin amosanin gaɓɓai da a lokacin sai mai kuɗi ke iya saye.

Ɗaukaka ba ta kare shi daga ƙiyayya ba. A 1950 aka cinna wa gidan da ya saya a Oak Park wuta, a 1951 aka jefa masa nakiya, amma ya ƙi tashi. Ya kafa kamfaninsa, ya sayar da shi a 1961 kan dala miliyan 2.3. Ya rasu ranar 19 ga Afrilu 1975, ya bar ƙirƙire-ƙirƙire sama da 130 masu rajista da sunansa.