Taƙaitaccen Tarihin Georg Ohm, Ɗan Maƙerin Kwado

A garinmu Ashige, cikin ƙaramar hukumar Lafiya, nakan ji masu gyaran rediyo da masu haɗa sola suna ambaton om in sun ɗora mita a kan waya. To, mai karatu, wannan kalma sunan mutum ce.

An haifi Georg Simon Ohm a garin Erlangen na ƙasar Jamus ranar 16 ga Maris, 1789. Mahaifinsa maƙerin kwado da makulli ne da ya koya wa kansa lissafi, kuma ya koya wa 'ya'yansa. Ohm ya shiga jami'a a 1805, amma rawa da wasanni suka ɗauke masa hankali, sai uban ya fusata ya tura shi Suwizalan, inda ya zama malamin lissafi. Ya dawo ya sami digirin dakta a 1811.

A wata makarantar sakandare a Kolon, inda ya fara koyarwa a 1817, ya yi gwaje-gwajensa. Abin da ya fi burge ni shi ne da hannunsa yake jan wayoyin gwajin, sana'ar gidansu ta yi rana. A 1827 ya buga littafin da ya nuna cewa yawan wutar da ke gudu a waya daidai yake da ƙarfin batir raba da turjiyar wayar.

Daga nan lissafin da ake yi yau ya taso. In an jera abubuwa masu turjiya bi da bi, tarawa ake yi. In kuwa kafaɗa da kafaɗa suke, wuta ta sami hanya biyu ke nan, turjiya sai ta ragu. Misali, om 6 da om 3 kafaɗa da kafaɗa: 6 sau 3, a raba da 9, ya ba da 2. A jera su da om 4, jimilla 6. Batir mai bolt 12 zai tura amfiya 2. Gustav Kirchhoff ne ya faɗaɗa ƙa'idar zuwa haɗi mai rassa da yawa a 1845, yana ɗalibi.

Masanan Jamus ba su yi maraba da littafin ba. Ohm ya bar aikinsa na Kolon, ya yi shekaru yana 'yar koyarwa a Balin kafin ya sami gurbi a Nurembag a 1833. Sai a 1841 Royal Society ta Landan ta ba shi lambar Copley. Kujerar farfesan kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa a Munik kuwa sai a 1852, saura shekara biyu ya rasu, ranar 6 ga Yuli, 1854. A 1881 taron masana lantarki a Faris ya amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya.